Bayan Sadakar Arba'in: Marayun Gobir da Filin Wasa

Da an sallame la'asar, rana ta rage zafi, filin makarantar firamare a garin Isa yakan cika maƙil da yara. Ba raga, ba farin layi. Takalman soso biyu a nan, duwatsu biyu a can, an sami gidan gola ke nan. Ƙwallon kuwa ta sha ɗinki har baduku na gane ta tun daga nesa. Haka abin yake a Sabon Birni, haka yake a Gatawa da Kurawa da Turba, duk ranar da gari ya kwana lafiya. Ƙura ta tashi, a yi ta ihu, a yi ta musu kan ko ƙwallo ta bi ta saman takalmi ko ta gefensa, har ladan ya raba gardama da kiran magariba.

Baƙo zai ɗauka babu babban da ya damu da wannan wasa, domin da wuya ka ga uba tsaye a bakin fili yana tafi. Ba haka muka taso ba. Bagobiri, kamar sauran Hausawa, yana da alkunya a kan ɗansa, balle ɗan fari. Amma wanda ya girma a irin waɗannan gidaje ya san inda hannun uba yake. Shi ne zai dawo daga kasuwa ya ajiye takalmin roba a ƙofar ɗakin uwar yaro, bai ce uffan ba. Shi ne zai biyo ta gefen fili a kan babur ya rage gudu kamar mai kauce wa rami, alhali ɗansa yake leƙe. Da dare ana cin tuwo a zaure, sai ya jefa wa ƙanen yaron tambaya: "An ce yau an ba su kashi?" Mai wasan ya sunkuyar da kai yana murmushi, don ya gane an san da shi.

Ranar da aka rasa uban, masu rabon gado za su lissafa gona da awaki da babur da damman gero. Leƙen nan da tambayar nan ba sa shiga lissafi, don haka ba wanda ake danƙa wa su.

Mutuwar da ba ta jinya

Ƙasar nan ta san yaƙi tun ba yau ba. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Gobirawan da suka watse bayan faɗuwarsa su suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wani reshe nasu ya kafa Sabon Birni, sannan Turawa suka zo suka ja iyaka a tsakiyar dangi. Sai dai yaƙin wancan zamani yana da fagen daga, mazaje kan fita da sani, su yi sallama da iyali. Na yanzu a gona yake samun mutum, ko a hanyar kasuwa, ko a kan shimfiɗarsa.

A ƙarshen watan Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma a yini guda, aka binne sama da mutum 60. A Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, a kan hanyar da mutanen Sabon Birni ke bi zuwa Sakkwato. A Disambar 2021 aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, hukuma ta tabbatar da mutuwar aƙalla 23. A lokacin ma an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, mutanen bakin iyaka suka koma lalubar layin Nijar kafin su ji wa ya rayu, wa ya tafi. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa a hanyarsu ta komawa gida daga Sakkwato. Cikin Agusta labarin rasuwarsa a hannun masu garkuwa ya fito, matasan Sabon Birni suka fantsama kan titi. In rawani bai tsira ba, ina ga mai fartanya?

Waɗannan su ne suka shiga rediyo. Akwai mutuwar mutum ɗaya-ɗaya da ba a sanarwa: wanda ya fita noman fadama bai dawo ba, ɗan kabu-kabun da aka harbe don babur ɗinsa, mai naƙudar da aka kasa fita da ita cikin dare saboda ba direban da zai yarda ya hau hanya. Duk mutuwa ce da ba ta ba da lokacin wasiyya. Mai jinya yakan kira ƙanensa ya ce ga amanar yarana. Wanda aka tare a hanya bai ce wa kowa komai ba.

Abin da ke biyo baya kowa ya haddace shi. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a su yi ta zuwa. "Ya muka ji da haƙuri?" "Haƙuri da godiya." "Allah ya jiƙansa, Allah ya raya abin da ya bari." A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, wasu gidajen har ta arba'in. Matar ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ba zan rage wa mutanenmu komai a nan ba: a waɗannan kwanaki gidan mamaci ba ya rasa ƙwaryar fura ko kwanon tuwo daga maƙwabta, ko da su ma maƙwabtan awo suke yi. Amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Unguwar da a da take da gidan marayu ɗaya ko biyu, yanzu sai ka ƙirga layi guda ka rasa gidan da ba a yi zaman makoki ba.

Da an naɗe tabarmi sai maganar yara ta taso. Baffa ya ɗauki maza biyu, gwaggo ta ɗauki mace, na goye ya bi uwarsa zuwa gidan iyayenta. In ta sake aure, ya zama agola. Babban cikinsu kuwa, mai shekara 13 ko 14, za a zaunar da shi a gaya masa maganar da ake gaya wa duk irinsa: "Kai yanzu ba yaro ba ne. Kai ne uban ƙannenka." Daga ranar sai tura baro a kasuwa, ko ga-ruwa, ko a haɗa shi da mai zuwa cirani Sakkwato ko Kano. Kafin a cire shi daga makaranta ma, an riga an cire shi daga fili. Ba wanda ya zauna ya yanke wannan hukunci. Kawai dai in ya ɗauko takalmin wasa, wani babba zai kalle shi ya ce, "Ubanka ko wata uku bai yi a ƙasa ba, kai ƙwallo ce a gabanka?"

Ita ma uwar tana da hujjarta, kuma hujja ce mai nauyi. Filin yana bakin gari. Ta riga ta ga yadda mutum ke fita da ƙafarsa a dawo da shi a kan amalanke. Tana so in ta ɗaga ido daga kan tabarmar takaba ta ga 'ya'yanta cif. "Zauna nan inda nake ganinka," in ji ta. Wa zai ga laifinta?

Duk da haka ina ganin kuskure ake yi, kuskuren da ƙauna ke jawowa. Yaron da aka kashe masa uba yana ɗauke da wuta a ƙirji, ga shi al'ada ba ta ba shi damar kuka a gaban mutane ba. An ce masa namiji ne. Fili ne kaɗai wurin da zai yi gudu har numfashi ya ƙare, ya yi ihu, ya faɗi ya tashi, ba wanda zai ce masa ya yi haƙuri. A can ne kuma ake kiran sunansa ba tare da an haɗa da "Allah sarki" ba. In aka toshe wannan ƙofa, wutar ba mutuwa take yi ba. Kowa a Isa da Sabon Birni ya san shekarun yaran da ke riƙe da bindiga a daji, ya kuma san shekarun waɗanda ke rantsuwar ɗaukar fansa a cikin gari.

Daga langa zuwa zari-ruga

Kafin ƙwallon ƙafa ta cinye dandali, wasan samarin wannan yanki da daren farin wata kokawa ce da langa. A langa kowa zai kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare na da wanda ake kira ruwa, shi ake so ya kai inda aka yi alama. Abokansa su kewaye shi, su ture duk mai son kayar da shi. In ya kai, an sha ke nan. Ruwa komai zafin namansa ba ya kai kansa, sai da 'yan tare.

Na tuna da langa ne ranar da na fara tsayawa na kalli ƙwallon zari-ruga da kyau. Ba wasan da za ka tarar a dandalin Gatawa ba ne, amma ya daɗe da shigowa Arewa. A Kano akwai ƙungiyar Barewa, wadda ta sha karawa da manyan ƙungiyoyin Legas irin su Cowrie, ta kuma ba ƙungiyar ƙasa ta Black Stallions 'yan wasa. Ana buga shi a Kaduna da Zariya da Jos. Kuma Kano ɗin nan ita ce inda yaranmu na Gobir da yawa ke ƙarewa in gida ya watse, wasu a makarantar allo, wasu a gidan dangi, wasu a bakin kasuwa.

Ga wanda bai san shi ba: mutum 15 ne a kowane ɓangare, minti 80, akwai kuma na 'yan bakwai-bakwai da ya shiga gasar Olamfik tun 2016. Ƙwallon doguwa ce kamar gwanda, a hannu ake rungumarta a ruga, wanda ya dangwala ta a bayan layin abokan hamayya ya ci maki biyar. Ana kama mai ƙwallo a kayar, kamar a kokawa, amma ban da wuya, ban da duka. Wani lokaci mutum takwas-takwas za su sarƙe kafaɗu su sunkuya su yi ta turereniya a kan ƙwallo, abin da duk Bagobirin da ya taɓa kallon kokawa zai gane daɗinsa nan take. Sai dokar da ta fi ba baƙo mamaki: ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba. Sai baya, ko gefe. Kana iya zama barewa wajen gudu, amma in aka kama ka ka waiga ba kowa a bayanka, ƙwallo ta tafi. Shi ya sa abin da kociya ya fi yi wa yara tsawa a kai shi ne su bi bayan mai ƙwallo, kada su bar shi shi kaɗai. Da Hausa wannan sunansa gata.

Wasa ne kuma da ba ya zaɓen jiki. Ƙaton yaron da ake tsokana a ƙwallon ƙafa ana tura shi gola, a nan shi ne ginshiƙi. Dogo shi ake ɗagawa sama ya cafke ƙwallo. Ɗan firit shi ke zillewa ta gefe. Ga ƙanana da 'yan mata akwai nau'in da ba a kayarwa, sai dai a fizge ƙyallen da aka rataya a ƙugu, kuma ana yin sa da dogon wando da ɗankwali ba tare da an taɓa mutuncin kowa ba.

To me ake nufi da tsaya wa yaron da ke irin wannan wasa? Kuɗi na ciki, ba musu: takalmi mai ƙusoshi, robar da ake sawa a baki don kare haƙora, kuɗin mota ranar gasa, da abinci, domin wasa ne mai cin jiki, ba a yin sa da kokon safe kaɗai. Amma kafin kuɗi akwai izini. Uwar da ta rasa miji, aka ce mata ɗanta na wasan da ƙarti ke kayar da juna, abin da za ta fara hangowa mai ɗori ne. Kociyan da ya san aikinsa ba ya aika yaro da takarda. Da kansa zai je, ya yi sallama a zaure, ya durƙusa ya gaida baffan yaron, a isar da shi ga uwar ta bayan labule: "Inna, ni ne malaminsu na wasa. Na zo ki san fuskata, ki san inda yake zuwa, ki san lokacin da zai dawo." Sau da yawa wannan zuwan ya fi takalmi amfani. Matar da aka yi wata da watanni ana yanke hukunci a kan 'ya'yanta ba a tambaye ta ba, yau ga wani ya zo neman yardarta.

Ɗaya daga cikin waɗanda duniyar zari-ruga ta fi sani ma ta irin wannan hanya ya biyo. Siya Kolisi na Afirka ta Kudu, haifaffen 1991, a hannun kakarsa ya tashi a unguwar talakawa ta Zwide, cikin yunwar da shi kansa bai taɓa ɓoyewa ba. Malaman wasa ne suka lura da shi, yana ɗan shekara 12 aka ba shi gurbin karatu kyauta a makarantar Grey. Kakar ta rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta bi yana da shekara 15, ƙannensa biyu da suke uwa ɗaya suka faɗa hannun masu riƙon marayu, ya yi shekaru bai san inda suke ba. Da ya sami abin hannu ya nemo su ya ɗauke su. A 2018 ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci ƙungiyar ƙasarsa, ya ɗaga kofin duniya a Japan a 2019, ya sake ɗagawa a Faransa a 2023. Ba ina cewa akwai kofin duniya da ke jiran kowane maraya a Tsamaye ba ne. Dubbai sun buga tare da shi ba wanda ya san sunansu. Abin da ya tsaya mini a labarin shi ne rarraba yaran nan bayan mutuwar uwa, da yadda babban ya koma ya tattaro su. Wannan ko a Unguwar Lalle aka ba da shi, ba mai cewa labarin wata ƙasa ne.

Tsallaken iyaka

Tun 2019 dubun-dubatar mutane daga wannan yanki da maƙwabtansa na Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi. Da yawa gidajen dangi suka sauka, don kusan kowane gida a Sabon Birni na da kawu ko gwaggo a wancan gefen. Wasu Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta matsar da su nesa da iyaka, zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Mafi yawansu mata ne da yara. Ko a can, in ka ga an kafa rumfuna, kafin a gama haƙa rijiya yara sun share wani fegi sun ajiye duwatsu biyu.

A Nijar kuwa akwai darasin da bai kamata ya wuce mu ba. Kokawa ce sarauniyar wasanninsu. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, kuma ɗan Maraɗi ne, Kantu, ya fara ɗaukarsa. Filin kokawar birnin sunansa yake ɗauke da shi. Dubi yadda ɗan kokawa ke shiga fili. Makaɗi na gabansa, mai kirari na gefensa, wani dattijo ya ɗaura masa ɗamara, wani na riƙe da butar ruwa, garinsu kaf ya bi shi da addu'a. Ashe ba yau muka san cewa mai wasa ba ya shiga fili shi kaɗai ba. Abin da ya rage shi ne a yi wa ɗan shekara 12 mai takalmin roba ko da rabin abin da ake yi wa zakaran da ya riga ya yi suna.

Akwai masu ƙoƙari. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato takan raba wa marayu abinci da kayan salla, masu hali ma na yi, Allah ya saka musu. Sai dai salla sau biyu take zuwa a shekara, la'asar kuwa kullum ce. Kuma hadisin nan da malamai ke yawan jawowa, na kusancin mai riƙon maraya da Manzon Allah (SAW) kamar yatsu biyu, riƙo ya ambata. Riƙo ya haɗa da ci da sha da sutura, ya kuma haɗa da sanin inda yaro yake tsakanin la'asar da magariba, da wanda yake tare da shi, da abin da ke faranta masa rai.

A wajenmu wanda ya fi dacewa da wannan aiki kawu ne. Baffa ya gaji matsayin uba, ya gaji alkunyarsa da tsare gidansa. Kawu kuwa ɗan'uwan uwa ne, tsakaninsa da ɗan ƙanwarsa akwai sakewa, yana iya tsayawa a bakin fili ya yi ihu ba wanda zai ce ya zubar da girma. Kaka ma haka, ita da jikanta abokan wasa ne. Tana iya kwance bakin zane ta ba da kuɗin ɗinkin ƙwallo tana tsokanarsa da cewa miji ne ragon da ba ya cin ko ɗaya. Sai malamin firamaren da ya sayi usur da kuɗin aljihunsa, da mai shayin da ke ajiye wa yara ƙwallo a ƙarƙashin teburinsa. A yawancin garuruwan nan su ne hukumar wasanni gaba ɗayanta.

Tsoron uwa kuma ana iya rage shi ba sai an hana wasa ba. A garuruwan da abin ya yi tsanani yara da kansu sun dawo da wasansu cikin gari, kusa da masallaci ko ƙofar mai unguwa, suna tashi tun rana na da sauran tsawo. In akwai babba ɗaya da aka sani a wurin, wanda zai ƙirga su kafin a watse, ya rako na nesa har ƙofar gida, uwa takan saki ranta.

Ita ba za ta je ba, tana takaba. Amma katangar gidan ƙasa ba ta tare sauti, tana jin ihun daga inda take zaune tana tsince wake. Can sai ƙaramar ta shigo a guje, ɗankwali a hannu: "Inna, Inna, Yaya ya ci ɗaya! Kawu har da jefar da hula!" Uwar ba ta ɗaga kai ba. Ta ce a zuba masa ruwa a buta ya wanke ƙafa kafin a tada salla, a kuma rufe masa tuwonsa kada kaji su taɓa. Da yarinyar ta juya, sai ta kira ta ƙasa-ƙasa: "Ke, da ƙafa ya ci ko da kai?"